Kifin ado ya fara ciwo? Bi ta kan ruwan kafin ka nemi magani

Ranar da mai kifin ado ya wayi gari ya ga kifinsa ya lafe a ƙasan akwati, ko ya taso saman ruwa yana haki, ɗaya daga cikin abu biyu yakan yi. Ko dai ya garzaya wurin wanda ya sayar masa a ba shi shuɗin magani ya zo ya tsiyaya, ko kuma ya kwashe kifin ya zuba a roba, ya fito da akwatin tsakar gida ya wanke shi tas da omo, ya dirje tsakuwar, ya matse soson filta, wato na'urar tace ruwan, a bakin famfo, sannan ya cika da sabon ruwa garai-garai. Na biyun nan ya fi ɓarna, domin mai shi gani yake tsafta ya yi. Bayan kwana uku kifin su fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya, sai ka ji yana cewa ai dama kifin ado ba su da ƙwari.

Ƙwari kam suna da shi. Mafi yawan ciwon da ke kama kifi a akwatin gilashi daga ruwan yake tasowa. A cikinsa kifi yake numfashi, a ciki yake ci, a ciki yake kashi, kuma akwati mai lita 50 ba kogi ba ne da zai kwashe ƙazanta ya yi gaba da ita. Hatta cututtukan da ake gani da ido, galibi sai ruwa ya fara galabaitar da kifi kafin su sami hanyar shiga. Shi ya sa za mu fara daga ruwa, magani kuwa sai can gaba, idan ma an kai ga buƙatarsa.

Da farko, zauna ka kalle su

Kada ka taɓa komai tukuna. Jawo kujera ka zauna gaban akwatin kamar minti goma. Abin da kake son sani na farko shi ne: kifi ɗaya ne ba shi da lafiya, ko kuwa duka ne? Idan kifaye iri dabam-dabam suka rikice a lokaci guda, kusan ka yanke hukunci cewa ruwa ne ko wata guba. Cuta ba ta cika kama kowa dare ɗaya ba. Idan kuwa guda ɗaya ne ya ware kansa alhali sauran suna ta harkarsu, to ka yi tunanin cuta, ko rauni, ko wani babba a cikinsu ne ke cin zalinsa.

Ka lura da numfashi. Dubi kunnuwan kifin, wato murafun nan biyu na gefen kai: suna motsi da sauri fiye da yadda ka saba gani? Cikinsu ya yi jajur ko ya koma ruwan ƙasa? Ka dubi fikafikai, a buɗe suke ko ya manne su a jiki. Ka ga ko yana goga jikinsa da dutse ko tsakuwa. Ka haska tocila daga gefe ka duba fatar, ko akwai ɗigo-ɗigo fari, ko wani abu mai kama da auduga, ko jan zane a jela. Sannan ka ƙirga su. Sau da yawa asirin yana bayan dutsen ado: wani ya mutu kwana biyu da suka wuce yana ruɓewa ba wanda ya sani.

Daga nan ka tambayi kanka, ka kuma tambayi mutanen gida, me ya canza a mako biyun nan. An kawo sabon kifi? An wanke filta? Wuta ta daɗe ba a kawo ba? An fesa maganin sauro a ɗakin? Mai ruwan da ya saba kawowa ne ya kawo, ko wani dabam? Yara sun ba su abinci? Tambayar nan ta ƙarshe ka yi ta da lallashi, in ba haka ba ba za ka ji labarin burodin da aka marmasa musu jiya da yamma ba.

Agajin gaggawa

Ko ba ka gano musabbabin ba, akwai abu uku da ba sa cutarwa, kuma su kaɗai sukan ceci akwati.

Ka dakatar da abinci. Babban kifi zai yi kwana biyu ko uku bai ci ba, ba abin da zai same shi, kuma duk ƙwayar abincin da ka hana guba ce ka rage. Ka ƙara iska: kunna injin iska, ko ka ɗaga bakin filta yadda ruwan zai riƙa zubowa yana kaɗa saman akwatin. Ta saman ruwa iskar oksijin take shiga, don haka kaɗawar saman ita ce abin nema, ba yawan kumfa ba.

Na uku, ka canza wani ɓangare na ruwan. Ɓangare na ce, ba duka ba. Kashi 30 zuwa 50 cikin 100, da ruwan da aka cire masa kilorin, sinadarin da ake sa wa ruwan famfo don kashe ƙwayoyin cuta, wanda ɗuminsa ya yi daidai da na akwatin. Kifin su zauna a cikin akwatinsu, ba sai ka kama su ba. Ka zare filogin hita da na filta kafin ka fara, domin hitar gilashi tana fashewa idan ruwa ya janye ya bar ta a kunne. Ka sa tiyo ka zuƙo daga ƙasa, kana caccaka tsakuwar, za ka ga baƙin datti yana bin tiyon. Kada ka ja ruwan da baki: cika tiyon da ruwa, toshe bakinsa da yatsa, ka saki a bokiti. Idan kana da yanka ko ƙurji a hannu, sa safar roba, akwai ƙwayar cutar kifi da ke shiga fatar mutum ta rauni.

Don ka san abin da kake ɗiba, ka san girman akwatinka. Auna tsawo da faɗi da zurfi da santimita, ka ninka su, ka raba da 1000. Akwati mai 60 da 30 da 30 lita 54 ke nan, in an cire tsakuwa da ɗan sararin sama, ka ce 48. Kashi uku ka raba shi ka ɗebe ɗaya, lita 16 ke nan. Rubuta adadin ka manna a gefen akwatin, domin duk wani magani da lita ake auna shi.

Wuri ɗaya ne wannan shawarar take da togiya. Idan akwatin ya yi wata da watanni ba a canza masa ruwa ba, sai dai a ƙara idan ya ƙafe, kada ka yi babban canji lokaci guda. Irin wannan ruwan ya riga ya yi tsami, kifin kuma sun saba da shi a hankali. Ka zuba musu rabin akwati na sabon ruwa, canjin kansa ya isa ya kashe su. A nan kashi 10 zuwa 15 za ka riƙa canzawa kullum har mako guda.

Abin da ke cikin ruwan da ido ba ya gani

Ruwa yana iya yin garai kamar na sha amma yana kisa, wani kuma ya yi kore shar kifi na zaune lafiya a ciki. Don haka kyan ruwa a ido ba hujja ba ce.

Kifi yana fitar da amoniya, mafi yawa ta kunnuwansa. Kashinsa da ragowar abinci da ruɓaɓɓen ganye su ma amoniya suke zama. Amoniya tana ƙona kunnuwan kifi da fatarsa. Abin da ke hana ta taruwa shi ne wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke manne a soson filta da tsakuwa. Rukuni ɗaya yana mayar da amoniya ta zama naitirait, wanda shi ma guba ne, sai wani rukunin ya mayar da naitirait ya zama naitiret, mai sauƙin illa, wanda kai kake kwashewa da canjin ruwa. Wannan ruwan-ƙasan dattin da ke cikin soso, wanda mutane ke ƙyama, shi ne gidansu. Wanda ya wanke soson da ruwan famfo mai kilorin ko da sabulu ya kashe masu yi masa aiki ke nan.

Bakteriyar nan ba sa samuwa rana ɗaya. Sabon akwati yakan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin su wadata. Wannan ne dalilin da ya sa mutuwar kifi ta fi yawa a watan farko: an sayi akwati da safe, an cika shi da kifi goma da yamma, a mako na biyu amoniya ta kai musu wuya. Akwai hanyar gajarta jiran. Ka nemi wanda akwatinsa ya daɗe kuma kifinsa ke da lafiya, ya yanko maka guntun tsohon sosonsa, ka kawo shi jiƙe cikin leda ka cusa a filtarka, kamar yadda ake zuba ɗan tsohon nono a sabuwar madara don ta kama.

Sanin halin da ake ciki sai da kayan gwaji. Iri biyu ne: na tsinken takarda da ake tsomawa, da na ruwa da ake ɗigawa a 'yar kwalba. Na ɗigawa ya fi gaskiya, kuma yawancin tsinkayen takarda ba sa auna amoniya, ga shi ita ce aka fi buƙata. A jikin kwalin za ka ga NH3 ko NH4, amoniya ke nan, NO2 naitirait, NO3 naitiret, sai pH mai nuna tsami ko kanwa-kanwar ruwa. A ganina wanda zai kashe kuɗi a kan dutsen ado da fitila mai launi bakwai, gara ya fara sayen wannan.

Amoniya sifili ya kamata ta nuna, naitirait ma sifili. Duk abin da ya haura haka matsala ce, in ya kai 0.5 kuwa a yau za ka canza ruwa, ba gobe ba. Naitiret a riƙe shi ƙasa da 40, ƙasa da 20 ya fi. Yawancin kifin ado suna zaune lafiya a pH tsakanin 6.5 da 8, kuma tsayuwarsa wuri ɗaya ta fi muhimmanci a kan lambar kanta. Kada ka shiga neman gyara shi da sinadari. Amma ka san wannan: ƙarfin gubar amoniya yana hawa ne da pH da kuma zafi. Amoniyar da kifi zai jure a pH 7, idan aka koma pH 8 ɓangarenta mai kisa ya ninka kusan sau goma. Saboda haka kada kanwa ta kusanci akwatin kifi da sunan magani.

Idan amoniya ce ta hau, za ka ga kunnuwa sun yi ja, kifi yana haki, wani lokaci da jan zane a fikafikai. Idan naitirait ne, yana shiga jini ya hana shi ɗaukar oksijin, sai ka ga kifi yana haki a sama alhali injin iska na aiki, kunnuwan kuma sun koma ruwan ƙasa. Maganinsu ɗaya: canjin ruwa kashi 30 zuwa 50 kullum, abinci ɗan mitsitsi sau ɗaya a kwana biyu, a bar filta ta yi aikinta ba a taɓa ta, har gwaji ya nuna sifili kwana da yawa a jere. Ga naitirait akwai ƙarin dabara: gishiri kaɗan, ƙaramin cokalin shayi shafe ɗaya a kowace lita 10, yana rage shigarsa jini. Narkar da shi a kofi kafin ka zuba. Gishiri ba ya ƙafewa tare da ruwa, don haka ba a ƙara shi sai daidai ruwan da aka ɗebe.

Wanda ba shi da kayan gwaji ya ɗauka kawai cewa matsalar tana nan, muddin akwatin bai kai wata biyu ba, ko an wanke filta kwanan nan, ko kifin sun yi yawa. Ya bi tsarin canjin ruwan nan na mako biyu.

Launin ruwa ma yana da abin faɗa. Fari-fari kamar an ɗiga madara a sabon akwati bakteriya ce ke yaɗuwa, zai washe da kansa in an rage abinci. Kore gansakuka ce, hasken rana ya yi yawa, a janye akwatin daga taga a rage awannin fitila. Warin ruɓaɓɓen ƙwai idan an motsa tsakuwa yana nufin datti ya dankare a ƙasa inda iska ba ta kai, sai a riƙa zuƙe shi sashe-sashe.

Ruwan da kake zubawa daga ina yake?

Ruwan famfo na hukuma ana sa masa kilorin, kuma abin da ba zai dami mutum ba yana ƙona kunnen kifi. Ko dai ka sayi maganin cire kilorin da ake ɗigawa, ko ka tara ruwan a buɗaɗɗen bokiti ya kwana ɗaya ko biyu, in da hali da injin iska a ciki. Akwai wani nau'in da ake kira kiloramin wanda ajiya ba ta fitar da shi, sai maganin, don haka maganin ya fi zama abin dogaro. Haka kuma idan a gidanku ana zuba WaterGuard a tanki, shi ma kilorin ne. Ruwan da aka jefa wa alif don ya kwanta shi ma a kiyaye shi, yana sauke pH.

Ruwan burtsatse ba shi da kilorin, amma yana fitowa daga ƙasa da ƙarancin oksijin, wani kuma da ƙarfe a ciki, shi ne za ka ga ya yi ja-ja bayan ya kwana. Shi ma a bar shi ya sha iska kwana guda, a tsiyaye na sama. Ruwan rijiyar da ke kusa da masai ko gonar da ake zuba wa taki yana iya zuwa da naitiret nasa tun daga tushe, don haka ka gwada ruwan da kake zubawa, ba na akwati kaɗai ba. Na 'yan ga-ruwa kuwa, matsalarsa jarka: ba ka san me ta taɓa ɗauka ba, ba ka kuma san ko yau daga inda aka ɗebo jiya aka ɗebo ba. Ka tanadi jarka da bokiti da tiyo na kifi kaɗai, ka yi musu alama, ka gaya wa kowa a gidan cewa ba na wanki ba ne. Ɗan ragowar omo a gindin bokiti ya isa ya gama da ƙaramin akwati.

Zafi, sanyi, da ɗauke wuta

Gofi da moli da filati da sauran kifin ƙasashe masu zafi sun fi son digiri 24 zuwa 28. Kifin zinare ya fi son ƙasa da haka, wajen 18 zuwa 23. Littattafan kiwon kifi da yawa an rubuta su ne don ƙasashen sanyi, hita ce damuwarsu. A Kano ko Sakkwato ko Maiduguri, a watan Afrilu da zafin rana ke kai wa 40, damuwar ita ce ruwa ya wuce 30. Ruwa mai ɗumi ba ya riƙe oksijin sosai: a digiri 20 yana ɗaukar wajen miligiram 9 a lita, a 30 kuwa wajen 7 da rabi, ga shi a lokacin ne jikin kifi ya fi buƙatarta. Shi ya sa a bazara za ka ga suna taruwa a sama da asuba ko da tsakar rana. Ka buɗe murfi ka sa raga don kada su yi tsalle, ka juya fanka ta riƙa busa saman ruwan, hakan kan sauke digiri biyu ko uku. Ka kashe fitila. In ya tsananta, ka jefa robar ruwa mai ƙanƙara a rufe ta yi ta yawo a sama. Kada ka zuba ƙanƙara ko ruwan firji kai tsaye, saukar zafi farat ɗaya ta fi zafin kansa illa.

Hunturu kuma nasa salon dabam. Da rana ɗumi, da dare sanyi, ƙaramin akwati kuwa yana bin ɗaki duk inda ya je. Wannan hawa da saukar ce ke buɗe wa cutar farin ɗigo ƙofa a Disamba da Janairu. A nan hita mai tsayar da kanta tana da amfani, musamman a wuri irin Jos. In babu, a lulluɓe akwatin da bargo da dare. A rufe sama kuma saboda ƙura. Ma'aunin zafi dai ba shi da tsada, a manna shi a riƙa dubawa safe da dare.

Ɗauke wuta ita ce babbar jarrabawar mai kifi a ƙasar nan. Idan filta ta tsaya, kifi na rasa iska, bakteriyar cikin soso su ma haka. Awa ɗaya ko biyu ba komai. In abin ya yi tsawo, ka ciro soson ka saka shi cikin akwatin kansa, kada ya bushe kuma kada ya shaƙe a rufaffiyar filta. Ka riƙa ɗibar ruwan da kofi kana zubo shi daga sama lokaci-lokaci, kuma kada ka ba da abinci. Idan filta irin rufaffiyar nan ce ta kwana a kashe, ka zubar da ruwan cikinta kafin wuta ta dawo ta tura shi cikin akwati, in ka sansana za ka gane dalili. Mafita mai ɗorewa ita ce ɗan injin iska mai batir, ko wanda ake jonawa da fawa-bank irin na cajin waya, a haɗa shi da filtar soso. Ba ya cin wuta, kuma shi kaɗai ya isa ya raya akwati dare guda.

Gubar da ke zuwa daga ɗaki

Idan gwaji ya nuna ruwa lafiya amma kifi suna zabura, suna juyi, suna mutuwa cikin awanni, ka nemi guba. Ta farko a jerin ita ce maganin sauro, na fesawa ne, ko na kunnawa, ko fiya-fiya. Sinadaran da ke cikinsu suna kashe kifi ko da ɗan kaɗan ne, injin iska kuma yana zuƙo iskar ɗakin ya tura ta cikin ruwa. In dole sai an fesa, a kashe injin, a rufe akwatin ruf da leda da jiƙaƙƙen tawul, sai ɗakin ya sha iska sosai a buɗe. Turaren fesawa, fenti, man shafawa da sabulu a hannu, duk a kiyaye. Idan abin ya riga ya faru, canza rabin ruwan nan take, ka sake bayan 'yan awanni, ka sa gawayin filta, wanda ake sayarwa don wannan aikin, ba na girki ba.

Sai yanzu muka zo kan cuta

Ruwa ya gyaru amma alamu na nan? To yanzu a yi maganar cuta.

Wadda za ka fi haɗuwa da ita ita ce farin ɗigo: ƙananan ɗigo kamar an barbaɗa gishiri a jiki da fikafikai, kifi yana ta goga jikinsa. Wani ɗan ƙwaro ne da ke shiga ƙarƙashin fata. Yayin da yake jikin kifi magani ba ya taɓa shi. Sai ya ƙoshi ya faɗo ƙasa, ya hayayyafa ɗaruruwa, 'ya'yan su fito suna iyo suna neman kifi, a wannan ɗan tsakanin ne kawai magani ke kama su. Saboda haka ɓacewar ɗigon ba warkewa ba ce, kuma a nan ne mutane suke tsayar da magani cutar ta dawo musu ninki. Akwatin gaba ɗaya ake yi wa magani, ba kifi ɗaya ba. A ɗaga zafi a hankali zuwa 28 ko 29 don zagayen ƙwaron ya yi sauri, a ƙara iska, a sa maganin farin ɗigo bisa ƙa'idar kwalba, ko gishiri giram 1 zuwa 3 a lita, a shigar da shi kashi-kashi cikin kwana biyu. A ci gaba kwana 10 zuwa 14, ana zuƙe ƙasa kowane kwana biyu. Kifi marasa ɓawo, dangin tarwaɗa, ba sa jure cikakken awo na magani ko gishiri, rabi ake ba su. Tsirrai masu rai ma gishiri na ƙona su.

Ruɓewar fikafikai, inda bakin jela ke yagewa ya yi fari ko baƙi yana cinyewa, kusan kullum shaidar ƙazamin ruwa ce. In an kama ta da wuri, canjin ruwa akai-akai da ɗan gishiri sun isa, jelar za ta sake tsirowa. Abu mai kama da auduga a kan rauni fumfuna ce, shuɗin maganin nan metilin bulu na maganinta. Amma akwai mai kama da ita da ta fi ta haɗari: fari-fari a baki ko a gadon baya, tana yaɗuwa da sauri, tana kisa cikin kwana ɗaya ko biyu. Wannan bakteriya ce, kuma zafi ƙara mata ƙarfi yake yi, don haka a nan ba a ɗaga zafi, saukewa ake yi kaɗan, a ware kifin, a nemi likitan dabbobi.

Kifin zinare da ke kifewa ko ya kasa nutsewa, sau da yawa cikinsa ne ya cushe da busasshen abinci. A hana shi ci kwana biyu ko uku, sannan a ba shi dafaffen koren wake irin na fis, a ɓare fatar a murtsuke. Wanda cikinsa ya kumbura har ɓawon jikinsa ya miƙe tsaye kuwa, galibi ƙodarsa ce ta gaza, kuma da wuya ya tashi. A ware shi a ruwa mai tsafta. In wahalar ta yi yawa, man kanumfari da aka kaɗa a ɗan ruwa aka zuba masa a hankali yana sa shi barci har ya cika, ya fi a bar shi yana shan azaba. Gawar a binne ta. Kada a jefa kifi mai ciwo a kwata ko kududdufi ko rafi.

Yadda ake ba da magani

In ban da farin ɗigo, a wani wuri dabam ake jinyar kifi. Ba sai akwatin gilashi ba: sabuwar roba mai lita 15 ko 20, da injin iska, da guntun bututu da zai ɓuya a ciki, ba tsakuwa. A cika ta da ruwan babban akwati, a riƙa canza kashi ɗaya cikin uku kullum ana mayar da maganin daidai abin da aka ɗebe. Dalilin warewar shi ne metilin bulu da magungunan kashe bakteriya ba sa bambance mai cutarwa da mai amfani, in ka zuba su a babban akwati ka koma matsalar amoniya daga farko.

Magani ɗaya a lokaci ɗaya. A cire gawayin filta kafin a sa, in ba haka ba shi zai shanye maganin. A auna da sirinji, ba da ido ba. Al'adar nan ta fasa kafso na mutane a juye a ruwa, a bar ta, ba a san awo ba, ba a san ko ya dace da cutar ba, ƙarshenta sai a kashe bakteriyar filta a bar cutar. Wanda kuma yake ajiye 'yan tarwaɗa ko karfasa da niyyar ci wata rana, ya sani cewa magungunan kifin ado, musamman koren nan malakayit, an hana amfani da su a kifin ci.

Bayan an tsallake

Kowane mako a canza kashi 25 zuwa 30 ana zuƙe ƙasa. Soso sai ruwan filta ya rage gudu, sannan a matse shi sau biyu ko uku a cikin ruwan da aka ɗebo daga akwatin, a mayar da shi da sauran dattinsa. Ruwan da aka ɗebe a zuba wa shuka, taki ne. Abinci abin da za su cinye cikin minti biyu, sau ɗaya ko biyu a rana, mutum ɗaya ne kuma zai riƙa bayarwa. Gwangwanin abincin a ɗora shi inda hannun yara ba ya kai.

Ka kuma dubi yawan kifin da idon gaskiya. Kifin zinare guda ɗaya yana buƙatar wajen lita 75 zuwa sama, domin yana girma kuma yana kashi da yawa. 'Yar kwalbar nan mai zagaye da ake sayar da shi a ciki ba wurin zamansa ba ce. Kifin oska da kifin koyi da ake sayarwa kamar ɗan yatsa, nan da shekara akwatin falo ba zai ɗauke su ba. Idan naitiret yana haura 40 duk da canjin mako-mako, kifin sun fi ƙarfin akwatin, sai a rage su ko a ƙara girma.

Sabon kifi kuwa kada ya shiga babban akwati ranar da aka sayo shi, komai kyansa. Ya yi mako biyu zuwa huɗu a robar jinya ana kallonsa. Ranar da za a saka shi, a ɗora ledarsa a saman ruwa minti 15 zuwa 20 don ɗumi ya daidaita, a riƙa zuba masa ruwan akwatin kofi-kofi na wani rabin awa, sannan a ɗauke shi da raga a saki. Ruwan shagon da ya zo da shi a zubar da shi waje, ragar kuma a shanya ta a rana ta bushe ƙayau kafin a sake tsoma ta a wani akwatin.